Sarƙa Uku Na Kai wa Baba

Babana masassaƙi ne. A garinmu, can yamma da Tanut a ƙasar Gangara, da wuya ka shiga gidan da ba turminsa ake daka a ciki ba. Makiyayan arewa ma, Fulani da Abzinawa, har daga wajen Tenhya suke aiko masa in suna bukatar gwafar rijiya, itacen nan mai baki biyu da ake kafawa a rataya abin jan guga. Ni ce ɗiyarsa ta fari. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai ya ce, "Uwata." Na yi lakwal, wato makarantar boko, na zama malamar lissafi a Damagaram, na yi aure can. Sannu a hankali zuwana gida ya koma na sallah da na gaisuwar rasuwa.

Da tsufa ya fara kama shi, kafaɗar dama ce ta soma ba shi wahala. Gizago bai gagare shi ba, don a zaune ake yi, sara ne gajere-gajere. Gatari ne ya zame masa aiki. Kututturen da a dā yake datsewa kafin azahar sai ya kwana uku yana fama da shi, in ya dawo Inna ta gasa masa kafaɗa da ruwan zafi. Ƙanena, wanda ya daɗe yana aikin gini a Aljeriya, da ya ji haka sai ya ba wani direban kamyo, babbar motar kaya, saƙo. Saƙon ya iso cikin buhu, naɗe da tsohon bargo: ƙaramin injin yankan itace ne, irin wanda masu Faransanci ke ce wa tronsonez. Ba sabo ba ne. Fentinsa ya koɗe, dogon ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kai, wanda ake kira lam, ya yi fari don gogewa, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba.

Inna ta ce sati guda Baba ya yi yana kewaya buhun bai taɓa shi ba. Sai da wani makanike ya zo gyaran famfon gari, Baba ya kira shi gida, makaniken ya nuna masa yadda ake gauraya esansi, wato fetur, da man inji, yadda ake ɗaure sarƙa, yadda ake wasa haƙoranta da magagari. Daga ranar injin ya zama abokin tafiyarsa. Bai taɓa sa masa ɗanyen itace ba. Gawo ko danya da suka mutu a tsaye ko iska ta kayar, su yake nema, ya karɓo takarda wajen ma'aikatan gandun daji, sannan ya ɗaura jaki a amalanke. Da inji yake datsa, amma ramin turmi da gizago yake fafewa kamar kullum.

Busasshen itacen ƙasarmu yashi ne cike da ɓawonsa, yashi kuma cin ƙarfe yake yi. Shekara ɗaya da ɗan kai, haƙoran sarƙar suka ƙanƙance don yawan wasawa. Wata ranar Laraba da hantsi, ina fitowa daga aji, salulata ta yi ƙara. Baba ne, ya hau tudun bayan masallaci inda ake samun rezo, inda waya ke kamawa.

"Uwata, kin kwana lafiya? Ya yaran?"

"Lafiya lau, Baba. Ya kafaɗar?"

"Da sauƙi. Sarƙa nake so ki samo mini a birni. Zan aiko miki da awonta."

Awon da ya aiko zare ne, mai ƙulli biyu, cikin ambulan, ta hannun direban motar kasuwa. Daga ƙulli zuwa ƙulli tsawon sarƙar ke nan in an kewaya ta. Na tafi wani kanti kusa da babbar kasuwa inda ake sayar da kayan injin ban ruwa. Mai kantin ya ɗauko sarƙoƙi daga ƙusa, ya yi ta gwada zaren a jikinsu har ya sami wadda ta yi kusa.

"Wannan ce, Madam. Ɗan abin da ya rage ai da sukuru ake ja."

Ban tambayi komai ba. A ganina sarƙa sarƙa ce.

Lokacin kaka ne. Na nemi izinin ranar Juma'a, na shiga motar Tanut, na sauka na jira ta garinmu. Gonaki duk an yanke gero, dammuna jingine da juna, rumbuna a buɗe. Na tarar da Baba ƙarƙashin rumfar sassaƙarsa, ƙafafunsa binne cikin ɓamɓaroki. Ko ruwa ban gama sha ba ya miƙo hannu.

Ya shimfiɗa buhu, ya kwance murfin gefen injin, ya jera sukurori kan hularsa don kada yashi ya haɗiye su. Ya ɗora sabuwar sarƙa a lam, ya zagaya da ita kan pinyo, ɗan ƙarfen nan mai haƙora kamar tauraro da ke jan sarƙar. Ya ja da hannu. Ta yi gaba kaɗan ta hau bisa haƙori ta tsaya. Ya mayar, ya sake ja, ta sake hawa.

"Ba ta zauna ba," ya ce.

"Ko ba a ja sukurun ba ne?"

Ya cire ta, ya miƙar da ita a ƙasa kusa da tsohuwar, ya daidaita ƙananan ƙusoshin da ke haɗa gaɓoɓinsu, ƙusar farko da ƙusar farko.

"Matso ki gani."

Na durƙusa. Ƙusa ta biyu da ta uku kamar daidai suke. Zuwa ta shida sabuwar ta fara ja baya. Zuwa ta goma sha biyu kowace ta kama hanyarta.

"Takinta gajere ne," in ji Baba. "Kamar ki haɗa jaki da raƙumi tafiya. A ƙofar gida tare za su tashi."

Kunya ta kama ni. Ni da nake tsayawa gaban allo ina koyar da awo, ban taɓa tunanin tsawo ɗaya zai iya rabuwa gida-gida iri biyu ba. Na ce ya ba ni tsohuwar in tafi da ita. Ya ce a'a, akwai gwafa biyu da wani tsohon amininsa Bafulatani ya sa shi, in sarƙar ta tafi aikin ya tsaya. Na ce to ya ba ni lam ɗin, tunda makanikai na cewa a gindinsa ake buga lambobin. Ya goge wurin da babban yatsa ya nuna mini: yashi ya cinye rubutun, sai ɗan gurbi-gurbi.

"Ko da ya goge, in suka ga ƙarfen za su gane," na ce.

"Wannan ba ya fita gidan nan."

Ya zaro tsinke daga tsintsiyar Inna, ya ɗora daga tsakiyar ƙusa ta farko zuwa tsakiyar ta uku, ya karya daidai nan da farce. Makaniken famfo ne ya taɓa gaya masa haka ake auna takin sarƙa, sai yanzu ya tuna. Ya sa na ƙirga ƙafafun ciki, waɗanda ke shiga ramin lam, sau biyu. Hamsin da biyu. Na rubuta a bayan ambulan.

Washegari ya ce in raka shi daji. Rabona da hawa amalanke na manta. Muka bi ta gefen gonaki, shanun makiyaya sun fara sauka suna cin kara, har muka kai wata aduwa da ta bushe tun bara. Ya tayar da injin da hannun hagu, don dama ba ta iya fizgar igiyar. Sarƙar ta dakushe, gari kawai take fitarwa kamar na tuwo, yana dannawa yana gumi. In ya gaji ya kashe, mu zauna mu sha furar da Inna ta dama. A nan ya tambaye ni abubuwan da bai taɓa tambaya ba: yara nawa ne a ajina, ko suna jin magana, ko har yanzu ciwon kan nan nawa na tashi. Ni ma na tambaye shi wa ya koya masa sassaƙa. Ya ce kawunsa, mutum ne mai faɗa, amma in ya fafe turmi ko shekara ashirin ba ya tsagewa. Muka dawo da la'asar, warin esansi a zanena.

Da na koma Damagaram na mayar wa mai kanti sarƙarsa, na ba shi tsinken. Ya ɗora a kan ma'auni.

"Milimeta goma sha tara. A raba biyu. Taku uku bisa takwas na inci ce, Madam. Waccan da na ba ki ɗari uku da ashirin da biyar ce. Ina da irin taku."

Ya jawo wani babban naɗi daga ƙarƙashin tebur, ya ƙirga ƙafa hamsin da biyu, ya yanke ya haɗa baki. Na ga ta fi tsohuwar Baba jiki, haƙoranta manya. Na ji daɗi ma, na ce wannan za ta daɗe.

Sai hutun Disamba na samu na koma. Kafin nan tsohuwar sarƙar ta tsinke a daji. Maƙerin gari ya yi ƙoƙarin haɗa ta, ya sa ta a wuta ya bubbuga, ta fito a karkace, ba ta kuma moruwa ba. Gwafa ɗaya Baba ya gama, ɗayar tana kwance rabi a yanke. Sati uku ke nan yana jirana.

Ya miƙar da sabuwar kusa da abin da ya rage na tsohuwar. Ƙusa da ƙusa suka tafi tare har ƙarshe. Ya ɗago ya yi mini murmushi. Sannan ya ɗauki lam, ya sa ƙafar farko a ramin. Ba ta shiga ba. Ya share ramin da tsinke, ya hura, ya ɗiga mai, ya sake gwadawa. Bakinta kawai ya kama. Ya gwada wata ƙafar, ya gwada ta tsakiyar lam inda ya fi gogewa. Ta ɗan shiga ta cije.

"Ta yi kauri," ya ce a hankali. "Ta manyan injuna ce."

Ban san lokacin da na tashi tsaye ba. Na kwana biyu ina gyaran takardun jarrabawa, na yini a mota, ƙaramin ɗana ba shi da lafiya na bar shi.

"Baba, don Allah ka ba ni ƙarfen nan in tafi da shi. Sau nawa zan yi ta zuwa ina komawa?"

"Ɗan'uwanki cikakke ya aiko da shi. In ya faɗi a mota fa? In aka musanya miki?"

"Shi da ya aiko yana ina? Shekara shida ko sallah bai zo ba. Ni ce a hanya."

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan. Ya tattara sukurorin daga hularsa ɗaya bayan ɗaya, ya mayar da murfin, ya naɗe injin cikin bargon, ya shiga da shi ɗaki. Da aka kira la'asar ya fita, bai dawo ba sai bayan magariba.

Inna na tankaɗe a gindin murhu. Ba ta yi mini faɗa ba. Cewa ta yi, "Duk ranar da yaron nan ya yi waya, babanku sai ya fito da injin ya goge shi, ko ba aikin da zai yi." Ta ci gaba da tankaɗenta. Can ta ƙara da cewa, "Kuma da kin tafi da ƙarfen tun farko, ai zuwa ɗaya za ki yi." Har yau ban san ko ra'ayinta ta faɗa ba, ko wani abu ta ji daga bakinsa.

Da safe na fito in gaishe shi in ba shi haƙuri. Na tarar da shi zaune bakin rumfa inda rana ta fara sauka, lam a kan cinyarsa, yana fiƙe ɗan guntun aduwa da ƴar wuƙarsa. Na durƙusa.

"Baba, ina kwana. Ka yafe mini maganar jiya."

"Ba komai, Uwata. Gaskiya kika faɗa, ke ce a hanya. Riƙe mini nan."

Na riƙe lam ɗin. Ya kankare itacen har ya zama kamar harshen alƙalami, ya sa a ramin, ya cire, ya ƙara kankarewa kaɗan, ya sake sawa. Ya fi sau goma. Idonsa a rufe yake yi, da yatsa yake ji. Da ya kai inda ɗan itacen ke zamewa cikin ramin ba cijewa ba girgiza, ya tsaya. Ya sake yin wani, wannan karon daga gindin lam, inda sarƙa ba ta cika gogewa ba. Ya yi wa na biyun tsaga ɗaya don in bambance su. Ya ƙulle mini su a bakin gyale.

"Ki ce musu mai tsagar shi ne yadda ramin yake tun asali. Ɗayan kuma yadda ya zama."

Ban koma wancan kantin ba. Wani abokin aikina ya kwatanta mini wani dattijo a layin masu gyaran injuna, wanda ya daɗe a ƙasashen kurmi yana aikin katako kafin ya dawo gida. Na same shi kan benci, tabarau ɗaure da zare, gabansa injin niƙa a warwatse. Na kwance gyale na ba shi tsinken tsintsiya da guntayen aduwa biyu da ambulan. Ya juya su a tafinsa.

"Wa ya yi wannan?"

"Babana. Masassaƙi ne."

Ya ɗauko ma'aunin ƙarfe mai baki kamar na kada, ya matse mai tsagar, ya kai kusa da ido. "Milimeta ɗaya da ɗigo uku." Ya matse ɗayan. "Ɗaya da huɗu, har da ɗan ƙari." Ya dube ni ta saman tabarau. "Hajiya, babanki da hannu ya auna abin da ni sai da wannan nake gani. Zauna."

Ya shiga ciki ya fito da sarƙoƙi uku cikin ledoji, ya jera kan bencin. Ya ce abu uku ake tambaya, ba tsawo ba: taki, kauri, da yawan ƙafafu. Taki dole ya dace da pinyo, kauri dole ya dace da ramin lam. Uku bisa takwas kuma iri biyu ce, akwai babba ta manyan injuna, irin wadda aka yanka mini, mai kaurin ɗaya da biyar, akwai ƙarama mai gajeren haƙori ta irin injinmu.

Ya ɗaga ta farko. "Wannan ƙarama ce, kauri ɗaya da ɗaya. Siririya, ba ta wahal da inji, ba ta shan esansi, tsoho zai ji daɗinta a kafaɗa. Amma a lam ɗinku rawa za ta yi, ta yanka a karkace, wata rana ta tsallake ta faɗo. Sai dai ki saya mata nata lam ɗin."

"Ba zai yarda a canja lam ba," na ce.

"To mun bar ta." Ya ture ta gefe. Sauran biyun duk ɗaya da uku ne. Ya sa na shafa haƙoransu. Ɗaya kusurwarta tsini ce, ɗaya a ɗan lanƙwashe. "Mai tsinin ta fi gudu a ɗanyen itace mai tsabta. Me yake yanka?"

"Busasshen gawo da danya da aduwa, can ƙasarmu ta Damargu."

"A Damargu?" Ya yi dariya. "Kafin ya gama kututture ɗaya ta mutu. Ɗauki mai lanƙwasar. Ba ta sauri, amma tana jure yashi, kuma wasa ta ba wuya."

Na tambaye shi ko tunda ramin ya faɗaɗa, ba gara a nemi mai ɗan kauri ba. Ya ce babu wata tsakanin ɗaya da uku da ɗaya da biyar, kuma na riga na ga abin da ɗaya da biyar ta yi. Ɗan faɗin da ramin ya yi bai kai na damuwa ba, a riƙa juya lam ɗin sama ya koma ƙasa duk bayan wasawa, a riƙa kankare ɓawo da gatari kafin a sa inji. Ya haɗa mini da magagari mai milimeta huɗu, ya ce wanda ya fi haka ɓata haƙoran zai yi. Da zan tafi ya roƙi in bar masa guntun aduwa ɗaya, wai zai nuna wa abokan sana'arsa. Na bar masa marar tsagar.

Sai hutun ƙarshen Maris na kai ta. Zafi ya sauka, rijiyoyi sun ja baya, gari duk ya yi tsit. Baba ya rame fiye da yadda na bar shi, don a watannin nan ya koma gatari ya ƙarasa gwafar amininsa, kafaɗar kuma ta rama. Ya sa ƙafar farko a ramin ta shige sumul. Ya zagaya da ita kan pinyo, ya ja da hannu, ta bi lam ɗin tana ɗan ƙara kamar ana jan tasbaha. Ya ja ta ta zagayo sau uku.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Inna, fito ki gani." Haka yake kiranta in yana cikin farin ciki, yadda mu ƴaƴa muke kiranta.

Akwai kututturen danya a bayan gida da ya jawo tun sanyi. Ya kankare ɓawon kamar yadda na isar masa da saƙon dattijon. Ya gwada fizgar igiya da hagu sau biyu bai tashi ba, sai ya dube ni. Na taka hannun injin da ƙafa yadda na ga yana yi, na fizga, ya kama. Ya karɓa ya ɗora a kan itacen. Wannan karon ba gari ya fito ba, ɓarɓashi ne manya-manya kamar ɓawon gyaɗa, suna zuba a ƙafafunsa. Bai danna ba, injin da kansa yake sauka. Da ya kai rabi ya ɗaga, ya yi mini alama da kai in zo. Na ce ina tsoro. Ya tsaya bayana, ya sa hannuwana inda ya kamata, ya ɗora nasa a kai. Tafinsa kamar busasshiyar fata. Ƙarar ta cika mini kunne, girgizar ta hau har haƙorana, ina jin numfashinsa a gefen wuyana. Guntun ya faɗi ya mirgina, kaji suka watse, Inna na ta salati tana dariya daga bakin zaure.

Kwana biyar na yi a wannan zuwan. Na ga yadda guntun danyar nan ya zama turmi, daga zana da'ira da gawayi har shafa mai.

Sarƙar ta yi masa damina biyu. Bayan kaka ta biyu ya kwanta, ciwon kwana tara, aka kai shi asibitin Tanut, a can Allah ya karɓi abinsa. Ina gefensa. Ƙanena bai samu isowa ba sai bayan sadakar arba'in.

Wata takwas bayan rasuwar na je ɗaukar Inna ta dawo wurina da zama. Muna ɗaure kaya da hantsi aka yi sallama a ƙofar gida. Wani dogon tsoho ne da malafa da sanda, raƙuminsa gurfane a inuwar bango. Aminin Baba ne, mai gwafar nan. Ya yi nisa arewa da dabbobi tun bara, bai ji labari ba. Wata gwafar ya zo nema. Inna ce ta gaya masa daga bayan ƙyaure. Ya daɗe tsaye riƙe da sandarsa, sannan ya zauna a ƙasa nan bakin rumfa ya yi addu'a mai tsawo. Na kawo masa ruwa.

"Ke ce ta Damagaram?" ya ce, da Hausarsa ta kasuwa.

"Ni ce, Baffa."

"Da ya kawo mini gwafa, kwana uku ya yi a rijiyarmu. Bai bar mu mun huta ba da labarinki."

Ban ma san Baba ya je da kansa ba. Na ce, "Me ya ce?"

"Da yawa. Tsufa, na manta rabi." Ya kurɓi ruwa. "Ya ce ranar da aka zo rubuta yara lakwal, ɓoye ki ya so yi cikin rumbu. Ke kika fito da kanki kika tsaya gaban mushe, malamin lakwal. Ya ce sati ya yi ba ya cin abinci sosai. Ya ce in kina magana sai ya ji kamar tsohuwarsa ce, har faɗan." Ya yi ƴar dariya, ya share ido da bakin rawani. "Akwai wani kuma, na ranar da aka haife ki, ruwa ya tare shi a daji. Wannan dogo ne."

"Ka faɗa mini, Baffa."

Ya dubi rana. Ya ce dabbobi na jiransa a rijiyar gaba, in bai kai kafin azahar ba layinsa zai wuce, sai gobe su sha. Ya ce in Allah ya kai ni wajen Tenhya da rani in tambaye shi, kowa ya san rijiyarsa. Ya ƙi tsayawa a dama masa fura. Na raka shi har bakin gari, na tsaya ina kallon raƙumin har ya shige tsakanin itatuwan kandili.

Rani uku ke nan ina cewa zan je. Lakwal ba ta bari, hanyar ma ba kullum ake binta ba yanzu. Bana na tambayi wani direba da ke zuwa can, ya ce ya san tsohon, yana nan da ransa, sai dai ba ya iya hawa raƙumi kuma. Na ce ya gaishe shi, ya ce masa ina nan tafe.